Ranar da Surukina Ya Goge Allina

Masana sun daɗe suna jayayya a kan abin da ke riƙe da zaman lafiyar duniya. Wasu sun ce adalci ne, wasu sun ce ilimi, wasu kuma suka ce hatsi a rumbu. Ni da na yi shekara bakwai ina koyar da lissafi a wata firamare a Zungur, sannan na shafe abin da ya ninka haka sau huɗu kaina a cikin bonet ɗin mota, na yanke nawa hukuncin. Zaman lafiya yana rataye ne a jikin wata baƙar roba mai haƙora, wadda faɗinta bai kai yatsa biyu ba. A gareji muna kiranta bel ɗin taimin.

Ku samarin da kuke shigowa garejina daga jami'ar da ke Gubi, waya a hannu, kuna nuna mini wani Bature da ya canza bel a minti goma sha biyu yana murmushi, ku zauna a kan tayar nan ku saurara. Ba na jin haushinku. Ni ma na taɓa zama ku, sai dai a zamanina wautar a littafi take zuwa, da bango mai kauri.

Ga darasin a taƙaice. A makarantarmu ta Zungur ɗakin karatu bai wadata ba, don haka 'yan safe da 'yan yamma ɗaki guda suke amfani da shi. Muddin mai kaɗa ƙararrawa yana kan aikinsa, waɗannan sun fita kafin waɗancan su shigo. Haka cikin inji yake. Fistin yana hawa yana sauka, bawul yana leƙowa yana komawa, duka a ɗaki ɗaya, kuma kada su kuskura su haɗu. Bel ɗin nan shi ne mai ƙararrawa. Yana haɗa giyar ƙasa da ke tuƙa fistin da giyar sama da ke buɗe bawul, haƙori da haƙori. Ka kuskure haƙori ɗaya, mota ta riƙa tari. Ka kuskure da yawa, 'yan safe da 'yan yamma su yi karo a bakin ƙofa a guje, ƙarfe da ƙarfe, kuma ba a yi wa bawul ɗin da ya lanƙwashe ɗori.

Aikina na farko na yi shi ne a kan motar surukina, kuma da na san abin da na sani yau da ban ko ɗaga bonet ɗin ba. Baba tsohon rajistaran kotu ne, mazaunin wani lungu a Gwallaga, mutum ne da ke goge takalminsa kafin ya shiga cikin laka. Motarsa tsohuwa ce ruwan toka, ya fi shekara ashirin da ita, kuma ita kaɗai ce mota a lungun. A shekarar nan ne man fetur ya yi ɓatan dabo a Bauchi. Motoci suna kwana uku a layi, masu acaɓa sun jingine babura sun koma gona. Baba ya samu kwatan tanki da ƙyar, ya rufe motar da tamfol, ya ce ba mai taɓa ta.

Kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa. Matata Rakiya ta koma gidansu goyon ciki, cikin fari, wata tara ya kama. A wajen awo an gaya wa Inna, mahaifiyarta, cewa jininta yana hawa, kada a yarda ta haihu a gida. To amma wane suruki ne zai dubi mijin 'yarsa ya ambaci ciki? Wane miji ne zai buɗe baki a gaban suruki ya ce haihuwa? Baba dai ya kan ce, “Motar nan a bar ta saboda ko-ta-kwana.” Ni kuma daga tsugune in ce, “Gaskiya ne, Baba.”

Wata Juma'a na leƙa injin don in duba ruwa, sai na ga murfin robar da ke rufe bel ɗin ya tsage ta gefe. Na sa ido. Bayan bel ɗin ya yi tsaga-tsaga kamar dugadugan manomi, wani zare ma ya fara fitowa. Na taɓa karantawa a wani littafin gyaran mota da na aro daga laburare cewa irin wannan ba ya sallama kafin ya tsinke. Na ƙiyasta shi yana tsinkewa a tsakiyar titi, Rakiya a kujerar baya. Kai motar gareji cin mai ne in an tuƙa, cin mutunci in an tura, kuma na karanta babin sau uku har na ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare. Na gaya wa Baba zan canza shi gobe Asabar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ashe har da wannan ake koya muku a kwaleji.” Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wannan ne kuskurena na farko.

Da safe na je aron kayan aiki wurin Oga Bitrus, bakaniken da ke bakin titi, mutumin kudancin jihar nan, gajere mai faɗin ƙirji, wanda a Hausarsa mota namiji ce kuma ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Saboda rashin mai garejin ya zama kamar maƙabarta, yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa.

“Ticha, me za ka yi da babban sifana? Yara sun ƙi jin bulala?”

“Bel ɗin taimin zan canza, Oga. Motar Baba.”

Ya daina tauna. “Motan Baba Alhaji? Kai da kanka?”

“Na karanta yadda ake yi.”

“Ni ma na karanta yadda ake tuƙa jirgi.” Ya miƙo mini sifana da wani dogon bututun ƙarfe. “Notin ƙasa ba zai kwance da hannu ba. Ka tokare sifana da jikin mota, ka ɗan taɓa makulli, ɗan kaɗan, zai saki. Ka yi alama kafin ka cire bel. Kuma ka ji wannan da kunne biyu, Ticha. In ka gama, kada ka taɓa makulli. Ka juya injin da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya tsaya, kai ma ka tsaya.”

Na ce na gode, cikin muryar wanda aka tuna wa abin da ya riga ya sani.

Kwancewar ta tafi kamar yadda littafi ya faɗa, abin da ya ƙara mini girman kai. Notin ƙasa ya saki da taɓa makulli ɗaya, na bar makullin a jiki. Na cire murfi. Littafin ya ce kamfani yana buga alama a jikin kowace giya, amma na duba ban ga komai ba sai baƙin maiƙo da ƙasa na shekara ashirin, sun daskare kamar kwalta. Sai na yi abin da kowane malami zai yi idan ya rasa abin yi, na sa hannu a aljihu na ɗauko alli. Na ja layi a giyar sama zuwa jikin inji, na ja a ta ƙasa, layuka masu kyau, miƙaƙƙu, da sufeto ya gani da ya yaba. Na zare tsohon bel na tafi kasuwa da shi a ƙafa don a ba ni irinsa, na ƙirga haƙoransa a gaban mai shago sau biyu.

Na dawo bayan azahar. Tun daga bakin lungu na hango Baba a gaban motar, ya naɗe hannun riga, ga gwangwanin kananzir a gefensa, ga tsumma a hannu.

Na cire takalmi na tsuguna. “Barka da rana, Baba.”

“Barka kadai, Malam. Na ga ka bar wurin da datti, har da wata farar ƙura, na ce bari in rage maka aiki.” Ya matsa gefe don in gani. Giyoyin nan biyu suna ƙyalli kamar sababbin kwanonin amarya. Babu maiƙo, babu ƙasa, babu alli. “Ta saman nan ta ba ni wahala. Sai da na sa ƙarfen nan na yi ta juya ta, sannan na samu na goge ko'ina.”

Ku da kuke ce wa iyayen matanku “Dadi” kuna zama da su a kujera ɗaya ba za ku gane ba. Alamar da zan koma kanta ta tafi, giyar kuma an juya ta ba a san sau nawa ba. Abin da ya dace in yi shi ne in ɗora hannu a ka. Abin da na yi shi ne, na sunkuyar da kai na ce, “Allah ya saka da alheri, Baba. An gode.”

“Ba komai. Tsabta ai rabin aiki ce.” Ya jawo kujerarsa ƙarƙashin dalbejiya ya zauna yana kallo.

Ba a tunani da kyau idan suruki yana kallo. Na tsaya a kan injin ina ƙoƙarin tuno inda layin yake. Na tuna kamar wani rami na giyar sama yana fuskantar wani noti, ko kuwa ramin da ke kusa da shi ne? Ramukan biyar ne, duk kamarsu ɗaya. Na zaɓi guda, irin zaɓin da ɗalibi ke yi idan an ce saura minti ɗaya a karɓi takarda. Na ɗora sabon bel, na ɗaure. Inna ta aiko da kunun zaƙi, na ajiye shi gefe. Ta tagar ɗakin da ke kallon waje na ji muryar Rakiya tana cewa bayanta yana ɗan riƙewa tun safe, Inna tana cewa ba komai, somin-taɓi ne.

Na sa sifana a notin ƙasa na fara juyawa. Ya tafi, ya tafi, kamar rabin zagaye, sai na ji ƙwas. Ya tsaya. Na ɗan ƙara ƙarfi ko iska ce ta matse a ciki, domin littafi ya ce hakan na faruwa. Iska tana da laushi, tana turowa tana sakewa. Wannan kuwa kamar ka tura ƙofa ka tarar da bango a bayanta. Na san abin da ke nan: fistin ne ya sa goshi a jikin bawul.

Ina cikin haka ban lura Baba ya tashi ba. Sai ƙarar ƙofar direba na ji, motar ta ɗan nutse da nauyinsa.

“Na ga ka ɗaura. Bari mu ji muryarta. Bismillahi.”

Makulli yana jiki, ni na bar shi. Batir yana haɗe, ni na bar shi. Taɓawa ɗaya ta isa abin da na kasa turawa da hannu a tura shi da ƙarfin doki, bawul su lanƙwashe, motar lungu ta zama kejin kaji. Kalmar da ake bukata gajeriya ce, “Kada!” Kuma wallahi ta zo har maƙogwarona ta tsaya, domin tun da aka haife ni ban taɓa jin wanda ya daka wa surukinsa tsawa ba. Allah ya taimake ni kan batirin dama sakwaf yake, da 'yar ƙusa aka cusa aka matse shi. Na kai hannu na fizge wayar, bonet ya kare ni. Na ji makulli ya juya.

Shiru. Ya sake juyawa. Shiru.

“Af. Ko ƙyas.”

“Ina jin batir ne ya yi sanyi, Baba. Bari in nemo wanda zai duba.”

Wannan ce ƙarya ta farko da ta ƙarshe da na yi masa. Na cusa wayar can ƙasa inda hannunsa ba zai kai ba, na fita daga lungun a natse, ina shan kwana na zura da gudu, malamin makaranta guda, takalmi a hannu.

Na tarar Oga Bitrus yana wanke hannu da omo, zai tafi coci koyon waƙa.

“Oga, ya tsaya.”

“Ka taɓa makulli?”

“A'a.”

“Ka danna da ƙarfi?”

“Kaɗan.”

“Kaɗan na malami ko kaɗan na manomi?” Bai jira amsa ba. “Ina alaman da ka yi?”

“An goge.”

“Fenti ne ake gogewa?”

“Da alli na yi.”

Ya dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa. “Alli. A jikin inji. Ka rubuta kwanan wata a sama?” Ya shiga ciki ya ɗauko jakar kayansa. “Muje. In bawul ya lanƙwashe, ka sani babu irinsa a garin nan, sai an aika Jos ko Kano, kuma da wane mai? Wata guda ke nan motan yana zaune.”

Ban ce masa ba mu da wata guda ba. Ina jin ya gani a tafiyata.

Ya gaida Baba da girmamawa, ya ce ya zo duba batir, ya kuma duba shi har na tsawon daƙiƙa biyu. Sannan ya zare sabon bel ɗin. Ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan tsumma bi da bi. Ya mayar da injin baya kaɗan don fistin su sauka tsakiya, kada kowa ya taɓa kowa. Sai ya sunkuya a kan giyar sama, ya kai fuskarsa kusa, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

“Wa ya wanke nan?”

“Ni ne,” in ji Baba daga kujera.

“Ranka ya daɗe, kai ne bakanike a gidan nan. Ticha, zo ka ga.”

A bakin giyar akwai wani ɗan tsagi da bai fi ƙwayar shinkafa ba, a jikin inji kuma ga wani ɗan tsini da aka yi don su fuskanci juna. A ƙasa ma haka. Alamar kamfani ce, tana nan tun ranar da aka ƙera motar, maiƙo ne ya binne ta, kananzir ɗin Baba ya tono ta. Na tsaya a kanta fiye da awa ɗaya ina neman allina ban gan ta ba, domin ba ita nake nema ba.

Ya daidaita ta sama. Ya zura dogon sukuddireba a ramin fulogi na farko, ya riƙa juya ƙasa a hankali, sukuddireban yana tasowa har ya tsaya cak, alamar ƙasa ta zauna daidai. Ya laluba jaka ya fito da 'yar kwalbar jan farce irin na mata, ya ɗiga a kan kowace alama.

“Na madam ne. Shekara uku tana nema. Wannan ko an wanke da kananzir sai an yi da gaske.”

Ya ɗora bel, ya fara ta ɓangaren da ba ya sakwarkwacewa, ya ɗaure, ya murɗa shi da yatsa biyu ya ji tsaurinsa. Sai ya miƙo mini sifana. “Kai ka fara, kai za ka gama. Zagaye biyu.”

Ban taɓa yin tafiya mai nisan zagaye biyun nan ba. Kowane taku ina jiran ƙwas. Zagaye ɗaya ya wuce. A na biyu Oga Bitrus ya riƙa toshe ramukan fulogi da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana jin ko iska tana turowa, domin bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya riƙe iska. Na farko ya huro, na biyu ya huro. A na uku ya daɗe, ya ce in koma in sake. Na sake. Ya ɗaga kai ya kalli sama kamar mai sauraron tsuntsu, sannan ya ce, “Yana nan. Kaɗan ɗinka na malami ne.” Ɗigon ja biyu suka dawo mazauninsu.

Muka mayar da komai. Ya maƙala wayar batir ya buga ƙusar da ƙotar sukuddireba. “Ranka ya daɗe, batir ya warke. A gwada.”

Baba ya yi bismilla ya juya makulli. Ta ɗauka a bugu ɗaya, da wata murya mai santsi da aka daɗe ba a ji ba a lungun. Inna ta leƙo daga zaure. Ni kuwa na zauna a ƙasa, a gaban surukina, ba tare da an ce in zauna ba.

Litinin bayan an tashi makaranta na mayar wa Oga Bitrus sifanarsa, ban koma gida ba sai magariba. Haka na yi shekara uku, da safe ina riƙe alli, da yamma ina wanke noti a cikin kwano, har na ajiye allin gaba ɗaya. Wata shida na farko bai bar ni na ɗaura komai ba, wanki kawai. Ya ce wanda bai iya wanke inji ba bai iya ganinsa ba, kuma Baba Alhaji ya riga ni cin wannan jarrabawar. Sunan Ticha ya bi ni har yau, da labarin alli, wanda ake ba kowane sabon shiga tun kafin a nuna masa inda ake ajiye jak ɗin ɗaga mota.

Tun daga ranar na canza bel ɗin da ban san adadinsu ba, kuma ban taɓa ɗora sifana don zagaye biyun nan ba tare da fargaba ba. Ranar da na daina jin haka zan rufe garejin. Bara wani malamin jami'a ya kawo mini motarsa ana jan ta da igiya. Ya bi bidiyo tiryan-tiryan, bai tsallake komai ba sai wurin da Baturen ya ce a juya da hannu, saboda a nan ne talla ta shigo. Bawul takwas na ciro masa, kowanne ya rusuna kamar mai gaisuwa. Saboda haka in za ku yi da kanku, ku yi, ba na hana kowa. Ku cire wayar batir, ku sa makulli a aljihunku, ku wanke kafin ku nemi alama, ku juya sau biyu. In kuma motar surukinku ce, ku jira sai ya tafi masallaci.

Baba ya ji daɗin aikin nan ƙwarai. Kowace safiya sai ya yaye tamfol ya tayar da motar, ya kira maƙwabta su ji yadda take numfashi, ya ce musu aikin Malam ne. Ba wanda yake da fuskar da zai ce masa ya kashe. Rana ta goma da hantsi naƙuda ta zo gadan-gadan, aka fito da Rakiya har zaure, Baba ya shiga ya yi bismilla, mota ta ƙi tashi. Aka mayar da ita ɗakin Inna, aka kira ungozoma, kafin azahar ta sauka lafiya, 'ya mace.

Bel ɗin bai yi komai ba, ya ƙara shekara shida a jikin motar. Mai ne ya ƙare.